Na Ga Ciwo a Ganyen Inabin 'Yata, Na Yi Shiru

Malama Ortrud, don Allah ki taimake ni. Abin da ke cina ba zan iya faɗa wa kowa a ƙauyenmu ba, ko da matata ce.

Shekarata saba'in da ɗaya. Shekara talatin da huɗu na yi ina noman inabin Riesling a gangaren da ke kallon kogin Mosel, irin gangaren da in ƙafarka ta zame sai a kan titi za a tsince ka. Shekara shida ke nan da gwiwoyina suka gaza, na miƙa wa 'yata gonar. Bari in kira ta Friederike. Ba ta rufa wata biyu ba ta kwashe magungunan feshina daga rumfa, ta ce daga yau ba takin zamani, ba maganin ciyawa, sai tagulla da farar wuta da ruwan ganyayyaki. Na yi gunaguni na bar ta, ai gonarta ce. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, farar giyar da ta fitar bara ban taɓa yin kamarta ba. Ban dai gaya mata ba.

A watan Maris wata mujalla ta zo ta ɗauki hotonta tana riƙe da ƙasa a tafin hannu. A ƙarƙashin hoton aka sa maganarta: wai matacciyar ƙasa ta gada, shekara talatin ana ɗura mata guba. Gada! Ga ni da raina a saman bene ina jin motsinta kullum. Ran Lahadi bayan coci na shiga mashaya, Alfons, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya ɗaga kofi ya ce, "Ku matsa wa mai guba, ku rufe farantanku!" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ya zan yi? Da noman wannan gubar na ciyar da 'yar tawa, na tura ta makarantar da ta koyo raina ni. Da na yi mata magana sai ta ce, "Haba Baba, ba da kai nake ba, da zamanin nake." Zamani ne ya goya tankin feshi a bayansa?

To ga abin da na yi. Wata Talata cikin Yuni na fita da kare da safe, na bi ta layin ƙasa kusa da kogi, inda raɓa ke daɗewa ba ta bushe ba. Na ga tabo a ganye kamar an ɗiga mai. Na juya ganyen, ga farar funfuna a bayansa. Na san wannan ciwon tun ina saurayi. Rediyo ya ce ruwa zai sauko Juma'a. Da ta yi feshi cikin kwana ukun nan, da an tare shi. Ita kuwa tana can ɗaya tudun tana ɗaure rassa. Da rana muna cin dankali ta ce, "Baba, na hango ka ta ƙasa, yaya inabin suke?" Na ce lafiya lau. Na ce a raina, bari ƙasar tata mai rai ta cece ta.

Ruwa ya yi kwana biyar bai ɗauke ba. Kafin ƙarshen Yuli 'ya'yan inabin layin ƙasa sun bushe sun koma kamar tsohuwar fata. Kusan rabin amfanin bana ya tafi, har da na tsofaffin itatuwan inabin da mahaifina ya dasa. Ta rame. Ta daina rera waƙa a ɗakin gangunan giya. Tana ta cewa laifinta ne, ita ce ba ta duba ba. Shekaranjiya ta gaya mana ba za ta iya da gangaren ƙasa ba, za ta ba Alfons haya, a Nuwamba za su sa hannu. Alfons!

Abin da ya fi ba ni tsoro, Malama, har yanzu ba duk zuciyata ce ta yi nadama ba. Ba ta taɓa ba ni haƙuri kan mujallar nan ba. In faɗa mata ne, ko in tafi da shi kabari?

Uban da aka gada da ransa, daga bakin Mosel

Ya kai Baba,

An ci mutuncinka, wannan ba na musu. Ka yi noma yadda aka koyar da kowa a lokacinka, ka riƙe gangaren da da yawa suka gudu suka bari. Ko da 'yarka ba da kai take ba, bai kamata ta karanta wannan magana a buge ta yi barci ba ta hau bene ta nemi gafararka ba.

Amma ita baki ne ya suɓuce mata a gaban ɗan jarida. Kai an dube ka an tambaye ka, ka yi ƙarya, ka kuma sami kwana uku na gyarawa ba ka gyara ba. Kada ka jera su wuri ɗaya. Mai yiwuwa a damina irin ta bana ko an yi feshin da an yi asara, amma wannan ba mafaka ba ce gare ka.

Ka faɗa mata, kuma kafin Nuwamba. Ba don ka sami sauƙi ba. Tana shirin rabuwa da gonar kakanta ne saboda ta gaskata ba ta iya ba, kai kaɗai ka san ba haka ba ne. Hasali ma ta yi abin da ya dace: ta tambayi wanda ya fi kowa sanin layin nan.

Ka fara da matarka, kada ta ji a bakin 'yarta. Sannan ka nemi Friederike ku biyu kawai. Ka faɗi ranar, ka faɗi abin da ka gani da amsar da ka ba ta. Kada kalmar mujalla ta fito daga bakinka a wannan zaman, domin da zarar ka ambace ta, haƙurin ya koma ƙara. Wannan maganar tana da ranarta, kuma kana da hakkin yin ta. Haka yabon giyarta da ka ɓoye, ka ajiye shi sai ta huce, kada ya zama toshiyar baki.

Za ta yi fushi, wataƙila har Kirsimeti ta wuce ba ta hau benenka ba. Ka jure. In ta riƙe gangaren, ka roƙe ta ta bar maka zagayen safe a layin ƙasa, in ta ƙi kada ka ja. Ba sai zuciyarka ta gama nadama za ka sauko ka faɗa mata ba, sau da yawa sai an faɗi gaskiya take biyo baya.

Ina yi maka fatan ƙarfin hali, ita kuma shekara mai sauƙin ruwa.

Ortrud