Hular da Aka Kawo Daga Gusau

Zuwa ga taubashina Bawa Direba,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma kwana arba'in ke nan ina haɗiye magana, in ban amayar da ita ba cikina zai fashe. Kuma ka sani tun yanzu, ba da daɗin rai nake rubuta maka ba. Haushinka nake ji, Bawa.

Gida dai lafiya. Geron gonarka ta Ɗan Isa ya yi kai, ƙanenka na kula da shi. Matarka Hajo tana takaba a gidan baffa. Autarka ta fara tafiya, tana faɗuwa tana tashi da taurin kai irin naka. A gari ana ta raɗe-raɗin za a cire mu daga Sakkwato a ba mu jiharmu. Jiya aka yi sadakarka. Na aika da buhun gero, Hajo ta sa aka mayar mini da shi har ƙofar gareji, da rana tsaka, mutane suna kallo.

Ka san abin da ake cewa a tashar Ƙaura? Wai hannun Isuhu makanike ne ya kashe Bawa da fasinja biyu. Shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin motocin garin nan, yau direba ya gwammace ya ja motarsa da igiya har Gusau da ya shigo wurina. In na je masallaci sai a matsa mini fili kamar mai ƙazuwa.

To bari in tuna maka yadda aka yi, tunda ka tafi ka bar ni da bayani.

Ran Litinin ka kawo babbar motarka tana karkarwa. Na duba na nuna maka fulin gaban inji, wannan faifan ƙarfe mai nauyi da ke juya fambel, wato bel ɗin fanka. Na nuna maka robar da ke tsakanin zoben ciki da na waje ta tsattsage, na ce ita ke shanye girgizar inji, in ta mutu sai an sake fuli. Muka sami wani mai kyau a jikin tsohon inji. Na ce sai dai mu jira fula, ƙarfen nan da ake ɗaurawa a jawo fuli a miƙe ba tare da an taɓa bakin karanshaf, sandar injin da yake zaune a kai ba, don tawa ta ƙananan motoci ce. Ka ce to, amma Alhamis kasuwar Shinkafi ce, kuma ka yi wa 'yan albasa alkawari.

Muka ba Malam Ɗanjuma mai goro saƙo, tunda zai shiga Gusau ran Talata. Kai ka yi masa bayani da bakinka, ina tsaye. Da harshenmu na Zamfara da ke mai da fula ta koma hula, ka ce ya taho mana da hula babba mai ƙwari. Me kake so bawan Allah ya kawo? Laraba da hantsi sai ga shi da hular saƙi naɗe cikin takarda, yana ba da haƙuri wai bai san girman kanka ba. Tasha duka aka yi ta dariya, har ni. Ban san dariyar me nake yi ba.

Da azahar na hau mota na tafi Gusau da kaina. Kafin in tafi na kwance lagireto da fanka da fambel, na sassauta babban noti, na ce kada ka taɓa komai sai na dawo. Sau nawa na faɗa maka? Ashe ina juya baya ka ɗauko libar taya biyu ka zura bayan fulin ka ɓanɓaro shi kamar mai haƙar rogo. Ka ɗora wanda muka samo, ba ka goge ba, ba ka shafa mai ba, ba ka ma duba ko ɗan ƙarfen da ke kulle fulin ya zauna a raminsa ba. Abin da ake jawowa a hankali da dogon noti, juyi bayan juyi, kai ka bi shi da guduma a kan zoben waje. Wa ya koya maka? Tuƙi daban, gyara daban. Na taɓa karɓar sitiyari a hannunka?

Sauran ka fi ni sani. Ka ci kasuwar Shinkafi, ka yi lodi za ka Zurmi. A gangaren gada zoben ya fita, ya tsinka bel ɗin da ke ba birki iska. Waɗanda suka tsira sun ce ka yi ta taka birki kana salati. Ni na je na jawo motar. Na ga sawun gudumarka a jikin ƙarfen, na ɗauke shi na jefa a rijiyar bayan gareji kafin kowa ya gani.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ran Larabar nan na dawo bayan la'asar da fula a hannuna. Na tarar ka haɗa komai ka tayar da inji. Na tsuguna na duba, na ga fulin yana ɗan rawa. Na gani, Bawa, da idona. Na ce ka kashe in cire in sake ɗaurawa, aikin da ba zai kai isha'i ba. Sai ka kwashe da dariya, ka kifa mini hular nan a ka gaban direbobi, ka ce ga ladan makaniken da ya je Gusau neman abin da guduma ta gama. Wasan taubasantaka ne, tun muna yara haka muke, direbobin ma wasa suka ɗauke shi don ba su ga wanda ya ɗaura ba, amma ranar ya ci mini rai. Na jefar da fula na ce ka je, mota taka ce. Makullin motar yana rataye gabana. Hannu kawai zan miƙa in zare in sa aljihu, mu yi faɗa, ka yi fushin mako guda. Ban miƙa ba. A raina cewa na yi bari ta tsaya maka a daji ka dawo kana roƙona.

Don haka in na kwana ina zaginka, da asuba kaina nake zagi. Amma kai ka fara. Ka raina sana'ata, ka ɗauki rayukan mutane ka ɗora a kan gaggawarka, sannan ka mutu ka zama wanda ba a faɗin laifinsa. Kowa yana Allah Ya jiƙan Bawa, mutumin kirki. Ni da na rage ni ne abin nuni.

Dattawan tasha sun kira ni zama gobe, dangin fasinjojin nan biyu za su zo daga Gurbin Ɓore. Tambaya ɗaya za a yi mini: wa ya ɗaura fulin? In na ce kai ne, wasu za su ce na rasa wanda zan ɗora wa sai mamaci. In kuma aka yarda, 'ya'yanka huɗu za su tashi a garin nan ana nuna su, 'ya'yan wanda ya kashe mutane da ganganci. Hajo kuwa in ta daina tsanata, wa za ta tsana? Kai?

Zan ce ni ne. Zan tsaya gaban manya in yi ƙarya da furfurata, in rufe garejin da na gina da hannuna. Kada ka ɗauka don na huce ne. Liman ya ce a yafe maka, na ɗaga murya tare da jama'a na ce na yafe, amma Allah Ya san bakina ne kawai ya faɗa. Ka ba ni lokaci.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, ni ma Ya yafe mini. Sai na zo, maganar nan ba ta ƙare ba.

Taubashinka da ka bari da kaya,
Isuhu Makanike, Ƙauran Namoda