Tafintar da na yi wa Baba

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana, jama'a don Allah ku ba ni shawara.

Darajar ɗan Adam, komai iliminsa da girman rawaninsa, tana rataye ne da wani ɗan zoben nama da ba a ambatonsa a zaure. Na gane haka zamanin soja, ina sabon malamin Turanci a sakandare, lokacin da aka samu mahaifinmu da ciwon kansa a ƙarshen hanji, dab da dubura. Shi ne limamin masallacin unguwarmu, ta wajen Ƙofar Doka.

Likitan Ba'indiye ne, Baba kuma ba ya jin Turanci, sai aka sa ni tafinta tunda ni ne ɗan bokon gidan. Likita ya ce hanya biyu ce, ko a cire komai a maƙala masa ledar tara bayan gida a ciki, ko a yanke ciwon a bar zoben da ke riƙe bayan gida, amma a irin nasa da ya sauko sosai, barin zoben na iya sa ciwon ya dawo. Baba ya dube ni ya ce, "Wanne zai bar mini alwalata?" Na ce na biyun. Ya ce akwai haɗari? Na ce likita ya ce duk ɗaya ne. Ni da nake zane yara kan fassarar ƙarya.

Ciwon ya dawo, damina biyu bai cika ba ya rasu. Har yau dangi na sa mini albarka, wai na rufa wa Malam asiri, ni kuma ina amsa amin.

Yanzu ga Yaya, wanda ya gaji limancin, da irin wannan ciwon. Likitocinsa sun ce yanzu ilimin aikin ya ci gaba, da yawa ana bar musu zoben lafiya lau, amma nasa ya riga ya taɓa naman, sai leda. Ya ƙi sa hannu. Jiya a gaban ƙannenmu ya ce, "Kai ne shaida, na Baba ai likita cewa ya yi duk ɗaya ne, kwana ne ya ƙare." Na kai shi wajen malaman da suka ce sallar mai leda ta inganta, ya ce su malaman ba sa jan sahu da leda.

In na faɗi gaskiya, na zama wanda ya rage wa Baba kwana, in na yi shiru na maimaita. Ya zan yi, kuma ta ina zan fara?

Don mai son sani, bayan aikin alwalar Baba ba ta kai minti goma take karyewa. Bai sake jan ko raka'a ɗaya ba.