Rijiyar da Aka Rufe Ba a Yashe Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Ruwan Sha na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai bandar kifi ce a wani ƙauyen bakin tafki, gefen Wara. Kukana a kan rijiyar unguwarmu ne, wadda ambaliyar bana ta shanye.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, mu ba baƙin ambaliya ba ne. Duk shekarar da ruwa ya hau rijiya, da ya janye mazanmu kan yi gayya, Musulmi da Kirista, su kwarfe ta har ƙasa, su fid da laka da duk abin da ya mutu a ciki. Bana har an sa ranar yasa, sai ma'aikatanka suka ce a dakata, aikin ya koma hannun hukuma. Suka zuba farin magani, suka rufe bakin da siminti, suka kafa famfon tuƙa-tuƙa, suka ɗauki hoto. Ko guga ɗaya na laka ba a fitar ba. Ramin masai na makaranta kuwa yana sama da rijiyar, kuma da idona na ga ruwan ambaliyar ya biyo ta kansa.

Na biyu. Ranar buɗe famfon, ni na ɗebo ruwan farko a sabuwar moɗa na kai wa baƙin da suka zo daga ofishinka, kamar yadda aka saba. Babbansu ya ce azumi yake. Na kusa da shi ya ce ba ya jin ƙishi. Da za su tafi na hango su bayan mota suna shan ruwan leda, har da mai azumin. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Me suka sani da ba su gaya mana ba?

Na uku. Jikata Ladi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana asibiti da amai da gudawa. Tafasa ruwan muke yi, amma yara a bakin famfo suke kafa kai. Tsoro nake ji.

Roƙona, a fasa simintin nan mu yashe rijiyarmu da hannunmu. A kuma gwada ruwan a gabanmu, a faɗa mana sakamakon da Hausa. An ce za a sallamo Ladi, kuma likita ya gargaɗe ni kada ta sake shan ruwan da ya kwantar da ita. Ranka ya daɗe, ba ni da wani ruwan da zan ba ta.

Allah ya yi maka jagora, ya raya taka zuriyar cikin lafiya.

Wassalam.

Hajara, kakar Ladi