Cincin Ba Karen Gadi Ba Ne

Litinin, 9 ga Satumba

Ka yi haƙuri, littafi. Don lissafi aka sayo ka, kuma ni ba gwanar rubutu ba ce. Amma in ban faɗa wa wani ba zan fashe, a gidan nan kuwa ban iya ɗaga murya ba.

Yayata, Anti Tinuke, ta tafi Kanada karatun jinya. A bakin ƙofa ta dafa kaina ta ce, "Ebun, ki yi karatu." Shi ke nan nawa. Sai ta durƙusa ta cusa fuska a gashin Cincin ta yi ta kuka. Kare fa! Ɗan mitsitsi, fari, gashi ya rufe masa ido kamar tsumman goge ƙasa. Kuma ni aka bar wa shi.

Laraba, 11 ga Satumba

Ya tauna safar makarantata. Ya ƙi cin abinci. Duk inda na sa ƙafa yana nan, har ƙofar banɗaki. Ni ba ita ba ce!

Asabar, 14 ga Satumba

Dadi ya ce karen da ba ya gadi asarar shinkafa ne. Ya ɗaure shi a bakin get da sarƙar janareta, sarƙar ma ta fi shi nauyi. Mai duba mita ya zo, Cincin ya yi haushi kamar gaske, sannan ya kwanta ya miƙa masa ciki a sosa.

Mutumin ya dubi Dadi ya ce, "Oga, wannan sojan naka a wane bariki ya yi horo?"

Duk layinmu dariya. Ban da Dadi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Anti ta kira ta bidiyo. "Ina jaririna?" Ba ta tambayi jarrabawata ba. Na riƙe masa waya har hannuna ya yi tsami. Da na ce ba ya ci, sai ta ce, "Goya shi za ki yi da zani, yadda nake yi in ina girki. Sai ya ji ɗumin mutum yake sakewa."

Kaka ta ce, "Mun ce ta kawo mana jariri, ta kawo mai jela."

Ni, 'yar ajin ƙarshe, in goya kare? Allah ya kiyaye.

Alhamis, 19 ga Satumba

Dadi ya yanke. Jibi Baba Ajadi mai gonar kaji a Moniya zai zo ya ɗauke shi, wai ya koyi aiki wurin manyan karnukansa. Na taɓa ganinsu. Kan kowanne kamar turmi.

Ya tafi mana. Ina ruwana.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na ɗaga shi don in share inda yake kwance. Babu nauyi, gashi ne da ƙashi. Haushin kowa nake ji. Ita ta koya masa manne wa mutum, sannan ta hau jirgi ta bar shi yana kallon ƙofa. Haka ake yi?

Asabar, 21 ga Satumba

Don kada a ce na sallame shi da yunwa ne kawai. Na ɗauki zanin Anti na goya shi. Ya yi lamo. Na miƙa masa kifi ta kan kafaɗa, ya karɓa. Ya cinye tas, har yana lasar kunnena.

Muna haka Baba Ajadi ya iso. Na durƙusa na gaishe shi, abin yana bayana.

"A'a! Yaushe aka yi suna ba a gayyace ni ba?"

Dadi ya ce, "Sauke shi."

Ban tashi ba. Na ce, "Dadi, karnukan nan kashe shi za su yi." Ban taɓa mayar masa da magana ba, shi ma ya sani.

"Wa zai yi wahalarsa?"

"Ni."

"To ke da ɗanki ku tashi min daga gani."

Baba Ajadi ya ci tuwon amalarsa ya tafi hannu sake.

Ba wai ina son sa ba ne. Ya yi barci a bayana, kuma ban sauke shi ba don kada ya farka ya dame ni. A tsaye nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace. In ban ishe ka ba, littafi, ka yarda in riƙa zuwa.