Sunan 'Yar Fari

Dakoro, Litinin

Yaya Dela,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Birnin Lalle. Yaya cirar gyaɗa? Mu nan sai godiya.

Yaya, sakamakon asibitin Maraɗi ya fito. Ƙullutun nan na nono da muka yi ta shafa wa man shanu, ciwon daji ne. Lokotoro ya ce sai Yamai, a yanke, sannan a yi ta ƙarin magani wata da watanni. Tsoro nake ji, wallahi. Wuƙar ma da sauƙi, yaran ne suka tsaya mini a rai.

Akwai wata Madam Aisata, ta ƙungiyar matan da ke zagaya gidajen masu irin ciwona. Ita ma nononta ɗaya, ga ta garau, ga surutu kamar rediyo. Ta samo wadda za ta riƙa kai babbar 'yata lakwal don kada karatunta ya tsaya, ta zauna da surukata kan rainon ƙaramin, Nafi'u. Amma ta kafe kan abu ɗaya: kada in tafi a sace. In zaunar da babbar, in kira sunanta, in gaya mata gaskiya daidai hankalinta, kuma kada in yi mata alkawarin abin da ban sani ba. Na ce mata 'yar fari ce, tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke". Ta ce ciwo bai san kunya ba. Har alkawari ta sa na ɗauka.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Lailatu


Dakoro, Lahadi

Yaya Dela,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na yi abin, kuma na ɓata.

Jiya da hantsi yarinyar tana wanke kwanoni na kira ta da sunanta. Ta waiwayo, kwanon ya suɓuce mata, ta tsaya tana kallona kamar baƙuwa ce ta shigo gidan. Na yi bayanin Yamai da aikin da maganin, yadda aka koya mini, amma na san ba ta ji komai ba. Ina rufe baki ta ruga ɗakin kakarta. Da kunnena na ji ta:

"Kaka, Inna ta kira sunana. Mutuwa za ta yi ko?"

Surukata ta fashe da kuka, ka ji mai lallashi. Tun lokacin yarinyar ba ta ci abin kirki ba. Ko bayan gida na shiga, tana bakin ƙofa a tsugune.

Madam Aisata ta dawo yau. Ta ce ba ta hango wannan ba, in yi ta kiran sunan kullum har ya zama ba komai. To, da wane lokaci? Motar Yamai ranar Alhamis ce.

Ɗazu yarinyar ta kawo mini tambayar da kanta. Na ce lokotoro zai yi iyakar ƙoƙarinsa, sauran na Allah ne. Ta yi ta kallon bakina tana jiran a'a, ni kuwa ban san amsar ba balle in faɗa.

Don Allah ki zo kafin Alhamis, Yaya. Ki zo ki ce mata a'a, ke da ba ki ɗauki alkawarin kowa ba.

A gaida Malam da yara.

Ƙanwarki mai jiranki,
Lailatu