Uwar Maƙerar Baba

Unguwar Hajji, Ƙaraye

Yaya Mijinyawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Legas? Mu nan ƙalau, sai dai Baba da ƙirjin nan nasa.

Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo inda ka ce a kamfaninku na narka ƙarfe ko kashin ƙarfen ba a zubarwa, niƙa shi ake yi a buga bulo ko a cike hanya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wai ashe dukiya yake ta jibgewa a bayan maƙera tun yana saurayi. Washegari ya sa aka kwashe tsibin aka cike ramin da ruwa ya ci a ƙofar gida, yana ta gaya wa mutane dabarar ɗansa ce.

Amma Yaya, masaba ta fi ƙarfinsa yanzu. Kullum sai ya shafa wa uwar maƙera mai ya lulluɓe ta da buhu, ya ce ta kakansa ce, kai take jira. Kawu Barau na Rogo kuwa ya fara kawo 'yan gwangwan suna zagaya ta. Don Allah ka zo ko na wata guda ne ka hura wutar, a san tana da mai ita. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Munawwara

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba. Na san hutu ne ba a ba ka ba, ban riƙe ka a zuciya ba.

Bayan sadakar arba'in Kawu ya ce ƙarfen da ba a bugawa rabon tsatsa ne, ya sayar wa 'yan gwangwan uwar maƙerar. Na yi magana, aka ce ina ruwan mace da maƙera. Da ƙyar ƙarti suka ɗaga ta zuwa mota. Inna ta shige ɗaki, ni na tsaya ina kuka kamar ranar da aka fita da gawar Baba. Ta kan cikon nan na Baba motar ta bi, ko lotsawa bai yi ba.

Na tambayi direban inda za su kai kayan, ya ce kudu, kamfanonin narka ƙarfe.

Kai ka ce a wurinku ba a asarar komai. To ka riƙa duba tarin da ake saukewa. Tana da ɓalli a gefe guda, inda ka sare ta kana yaro Baba ya bi ka da gudu. In ka gan ta, ka ɗora mata hannu kafin a jefa ta wuta. Kai take jira.

Inna tana gaishe ka.

Taka,
Munawwara