Launin Ɗankwalin Mama

Baba,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taka? Yaya ƙanwata Ana da mutanen Kuru baki ɗaya? An haƙe dankalin bana?

Ni lafiyata lau a nan Istanbul. Sanyinsu ya fi na Jos, amma na fara sabawa, ina kuma cin abinci, kada ka damu. Ranar Lahadi ce kawai take yi mini tsawo.

A shagon hoton da nake aiki na koyi wani abu a kwamfuta: a ɗauki tsohon hoto baƙi da fari, a sa wa abu ɗaya launi, a bar sauran yadda yake. Sai na ɗauko hoton aurenku, wanda kake tsaye da marigayiya Mama a ƙofar coci. Ɗankwalinta kaɗai nake so in sa wa launi. Na gwada ja, na gwada shuɗi, kowanne na saka sai in ga kamar wata mata ce daban. Jiya sai da oga ya ce, "Loyis, je ki wanke fuska," ashe hawaye nake yi ban sani ba.

Baba, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ga ranar nan. Don Allah ka gaya mini launinsa. Idan ka manta ma ba komai, ka zaɓi wanda ka fi son gani a kanta, shi zan saka.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Loyis